Yadda za ka bi hanyar dutsen Chapman's Peak da mota, daga Damagaram

Hanyar tana kusa da birnin Kef Taun a Afirka ta Kudu, tsakanin Hout Bay da Noordhoek. An buɗe ta a 1922. Tsawonta kilomita 9 ne kawai, amma kwanarta 114, dutse a gefe guda, Tekun Atlantika a ƙasa.

1. Nemi biza da wuri, sannan tikitin jirgi daga Yamai. Disamba zuwa Fabrairu ya fi, lokacin da muke fama da hunturu su suna cikin zafi.

2. Ka tafi da permi na ƙasa da ƙasa, masu ba da hayar mota na iya tambaya.

3. A can hagu ake bi, sitiyari yana dama. Hannun da ya saba da titin Damagaram zai riƙa janka dama, musamman bayan ka fito daga shataletale. Ka ɗan yi yawo cikin unguwa tukuna har hannu ya zauna. In gabanka na faɗuwa, ɗauki direba, ba abin kunya ba ne.

4. Duba ko hanyar a buɗe take. Ana rufe ta idan ruwa ko iska suka yi ƙarfi, saboda faɗowar duwatsu.

5. Fara daga Noordhoek, don layinka ya zamo na gefen teku. Ana biyan kuɗin hanya a shinge.

6. Kar ka wuce gudun kilomita 40. Hoto kuwa, sai a wuraren tsayawa da aka ware, kuma ka riƙe hularka da kyau.