Kurakuran da aka fi yi wajen sake ɗaura injin motar gudu da sa masa kwampiresa a Yamai

Kwampiresa na'ura ce da bel ke juyawa daga bilbirike (sandar da piston ke juyawa a ƙasan inji), tana cusa wa inji iska fiye da wadda zai iya shaƙa da kansa, kuma idan iska ta ƙaru aka ƙara mata esansi daidai gwargwado, ƙarfi yakan ƙaru. Matsin rabin bar (ma'aunin matsin iska) kaɗai yana nufin kusan rabin iskar da injin ya saba shaƙa an ɗora masa a kai. Amma wannan ƙarin ƙarfi zafi ne da matsi a cikin silinda, kuma a garin da zafin rana ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, yawancin injunan da suka lalace bayan irin wannan aiki zafin ne ya kashe su.

Kuskure na farko shi ne ɗora kwampiresa a kan injin da ya riga ya gaji. Motocin da ake shigo da su ta Kwatano ko Lome sun yi shekaru a titunan Turai, kuma lambar kilomita da ke allo ba kullum take faɗin gaskiya ba. Kafin a sayi komai, a auna matsin kowace silinda, kuma idan bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kashi 10 cikin ɗari, to injin yana bukatar a buɗe shi tukuna. Idan an buɗe, kada a dogara da ido ko da shafawar yatsa. Tazarar mai da ke tsakanin kusine (gammon ƙarfen da bilbirike ke juyawa a cikinsa) da bilbirike takan kasance tsakanin milimita 0.025 da 0.05, wato ƙasa da kaurin gashin kai, kuma babu gwanin da zai gane ta ba tare da ma'auni ba, komai daɗewarsa a sana'a.

Daga nan sai batun piston da segma (zobban da ke kewaye da piston), inda na fi ganin an yi asarar kuɗi masu yawa. Injin da aka ƙera ba tare da kwampiresa ba yakan matse iska sau 10 ko 11, alhali injunan da ake tura wa iska sukan tsaya wajen sau 8.5 zuwa 9, domin kada wutar ta tashi kafin lokacinta. Wanda ya bar tsofaffin piston ɗin zubi ya kuma ɗaga matsi sosai yana neman fashewar gefensu ne. Gyaran shi ne a sa piston na ƙira masu jure zafi, ko kuwa a haƙura da ƙaramin matsi. Sannan kowane segma yana da ɗan gibi tsakanin bakunansa biyu, kuma da yake ƙarfe yana buɗewa idan ya yi zafi, dole a faɗaɗa wannan gibi fiye da na injin da ba a taɓa ba. Idan aka bar shi a matse, bakunan sukan haɗu a lokacin da inji ya ɗau zafi, segman ya cije jikin silinda ya ɓalle kan piston. Aikin ɗan goge bakin segma ɗaya bayan ɗaya, ana sa shi cikin silindarsa ana aunawa, yana cin yini, kuma shi ne aikin da yaran gareji suka fi tsallakewa idan maigida ba ya tsaye a kansu.

Kusoshin kulas (murfin saman silinda) na motoci da yawa an yi su ne don a ɗaure sau ɗaya, saboda suna miƙewa yayin ɗaurin, don haka a sayi sababbi tare da sabon jwan (shimfiɗar da ke toshe tsakanin kulas da jikin inji), a ɗaure su da makullin da ke auna ƙarfi, bisa jerin da kamfanin ya tsara.

Babban haɗari kuwa yana wajen esansi. Inji yana tafiyarsa ta yau da kullum da iska kashi 14.7 a kan esansi kashi ɗaya, amma idan kwampiresa tana aiki da ƙarfinta ana son abin ya sauko wajen 12 ko ƙasa kaɗan, saboda ƙarin esansin yana sanyaya ɗakin wuta. Tsofaffin injekta da tsohon famfon mai sau da yawa ba sa iya kai wannan adadi, kuma kwamfutar motar ba ta san an canza komai ba sai an sake tsara ta, an kuma ja lokacin tartsatsin buji baya kaɗan. Alamar matsala ita ce wata ƙara siririya, kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, lokacin da aka taka mota a hawa. Duk wanda ya ji ta ya ɗaga ƙafa nan take. Esansin kwalba na bakin hanya, wanda ba a san abin da aka gauraya masa ba, bai dace da irin wannan inji ba ko sau ɗaya, kuma a ganina wanda ba zai iya riƙe shan mai a tasha mai tsabta ba gara ya bar injinsa yadda kamfani ya yi shi.

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejinmu, wato cire kalosta (ƙaramar na'urar da ke hana ruwa zuwa radiyata har sai inji ya yi zafi) da sunan wai ƙasarmu ba ta da sanyi. Wannan yana hana inji kai zafin aikinsa da wuri, a wasu injunan ma yana sa ruwa ya riƙa zagayawa ba tare da ya bi ta radiyata yadda ya kamata ba. A mayar da ita, a sa radiyata mai girma, a zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya maimakon ruwan famfo mai barin tsatsa. Iskar da kwampiresa ta matse ita ma tana fitowa da zafi, saboda haka tana bukatar nata abin sanyayawa kafin ta shiga inji. Masu sa ƙaramin puli a kan Mercedes Kompressor, irin su SLK 230 mai kwampiresar Eaton, don ta juya da sauri, sukan manta cewa zafin iskar yana ƙaruwa tare da matsin.

Ƙurar hunturu kuma ba ta yafe wa kowa. Buɗaɗɗen filta mai siffar mazurari da samari ke so saboda ƙararsa yana shaƙar iska mai zafi daga cikin murfin mota, kuma mai arha daga cikinsu yana barin yashi ya wuce ya cinye fukafukan kwampiresa da jikin silinda. Rufaffen akwatin filta mai jawo iska daga waje ya fi dacewa da Yamai.

Bayan an tayar da inji, kada a fita hanyar Doso a gwada iyakar gudunsa a ranar farko. A yi tafiyar kilomita 1,000 zuwa 1,500 ana sauya gudu ba tare da takawa har ƙasa ba, sannan a yi bidanj, wato canjin man inji, a duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe cikin man. A cikin wannan lokaci ne ya kamata a canza ambarayaj (kuloci) da wanda zai iya riƙe sabon ƙarfin, a kuma sabunta birki da ruwansa da tayoyi kafin a buɗe wa motar wuta.