Yadda za ka gyara bugunka a golf

Masu zuwa filin golf na Kano ko Kaduna ko IBB a Abuja, dan Allah ku daina ɗibar ƙwallo cike da bokiti kuna ta zabga wa da direba, wato sandar bugun nesa, ba lissafi, wlh gajiya ce kawai. Ka fara neman koci ya duba riƙonka da tsayuwarka, don in riƙon ya karkace to duk atisayen da za ka yi kuskuren kake ƙara wa ƙarfi. Kar ka matse sandar, riƙe ta sako-sako kafaɗu su juya da kansu.

Sai ka ɗauki sanda mai lamba 7, zaɓi tuta ɗaya, ka ajiye wata sandar a ƙasa tana nuna tutar don ƙafafunka su daidaita, buga goma ka tsaya, abokinka ya ɗauke ka bidiyo da waya ka nuna wa koci.

Inda aka fi sakaci shi ne gangara ƙwallo cikin rami. A fili mai ramuka 18 da par 72, wato yawan bugun da ake sa ran gwani ya gama filin da shi, bugu 36 na wannan gangarawar ne, rabi kenan fa! Don haka fara daga mita 1, sai ka gangara biyar cikin rami a jere sannan ka ja baya.