Kurakuran da yaranmu suka fi yi a kan lambobin gagara-raba

Ina koya wa yaran 'yan uwanmu lissafi bayan la'asar a nan Jidda, kuma na gaji da gyara abu ɗaya kullum a kan lambar da ba ta rabuwa sai da kanta ko da 1, wadda nake kira gagara-raba.

Ƙananan tukuna. Lamba 1 ba ta cikinsu, 2 kuwa tana ciki. Lambar da ta ƙare da 5 ba ta ciki, ban da 5 ɗin kanta.

Wadda ta fi ƙona min rai ita ce 91. Yaro zai gwada 2, ya gwada 3, ya gwada 5, ya ga ba ta rabu ba, sai ya ɗago kai yana murmushi: "Malam, gagara-raba ce." To ina 7? Ai 7 sau 13 shi ne 91! Wani ɗalibina ya yi wannan ganganci a jarrabawa, mahaifinsa ya zo har gida da takardar a hannu, ya ce, "Malam, riyal ɗin da nake biya na me ne?" Ya janye yaron da ƙannensa biyu. Lalaci ne kawai, ba rashin ƙwaƙwalwa ba. Ni dokata ita ce ka ci gaba da gwaji har ka kai lambar da in ka ninka ta da kanta za ta wuce wadda kake bincike. Ga 91, sai ka gwada 7 ka isa 11, tunda 11 sau 11 ya ba da 121. Ina kuma sa su haddace 51, 57, 87 da 91, don su ne mayaudara.

Manyan ɗalibai kuma nasu ramin daban. Sun ji labarin lambobin Mersenne, inda ake jera 2 a ninka su a cire 1; da aka jera guda 2, 3, 5 da 7, aka samu 3, 7, 31, 127, duk gagara-raba, sai su ɗauka haka abin yake har abada. Jera 2 guda 11, ka ninka, ka cire 1, za ka samu 2047, wato 23 sau 89. Misali huɗu ba hujja ba ce. Masanin lissafi Fermat da kansa ya zaci 4,294,967,297 ba ta rabuwa, sai a 1732 wani masanin, Euler, ya nuna 641 tana raba ta. Babbar gagara-raba da aka gano a Oktoba 2024, mai alƙaluma 41,024,320, 'yar gidan Mersenne ce, amma sai da kwamfutoci suka tantance ta kafin a sanar.

Kada kuma ka dogara da kalkuletar waya idan lamba ta yi tsawo, tana yanke alƙaluman ƙarshe, sai ka ga kamar ta rabu daidai alhali akwai saura.