Yadda na gyara ɗingishin ɗan jirgin ƙasana

Wata uku na yi ina harhaɗa ɗan kan jirgin ƙasa na wasa, girman HO (1:87), wato na gaske ya ninka shi sau 87 a tsawo. Da na aza shi bisa dogo na ba shi wuta volt 12, sai ɗingishi, kowane juyin taya ya cije a wuri guda. Na zargi ƙurar hunturun Maradi, na goge dogo da alkol. A banza!

Ashe laifina ne. Ƙusoshin da ke riƙe sandunan da ke haɗa tayoyi, na dama da na hagu, sai sun saɓa da digiri 90, ni kuwa taya ɗaya ta goce mini. Na cire moto (ɗan injin lantarkin da ke juya tayoyi), na tura jirgin da yatsa har na gano tayar, na murɗa ta kaɗan. Yanzu sumul yake tafiya.