Yadda ake suyar naman layya ya kai har Cika-ciki bai yi komai ba

Duk shekara in babbar sallah ta matso sai ka ji mata ana ta ƙorafi wai ya za a yi da nama ga wuta ba tabbas, firiza ta koma ma'ajiyar robobi. Ni kam dariya abin yake ba ni, don kakarmu da muke ce wa Iya har ta koma ga Allah ba ta taɓa mallakar firiza ba, amma ragon da aka yanka ran 10 ga Zulhajji sai mun ci namansa ran 10 ga Muharram, wata guda cur kenan, ko ɗan bashi babu. A wajenta Umma ta koya, ni kuma na koya a wajen Umma da rankwashi da komai, to ga yadda abin yake.

Da farko dai ki cire gaggawa a ranki, ranar sallah ba ranar suyar tsoka ba ce. In an sauko daga idi an yanka an feɗe, a rataye ragon a inuwa inda iska take kaɗawa ya kwana jini da ruwan jikinsa su tsane, a yafa masa wani ƙyalle mara nauyi saboda ƙuda. Kar ki kuskura ki jibge shi a baho ki rufe, balle yanzu da sallah take faɗowa cikin zafi ga damina na shigowa, wallahi kafin asuba ya fara canza kala.

Aikin ranar farko kayan ciki ne don su ba sa jira. Hanta ake fara soya wa mai gida tunda ya kame baki tun safe, sai ki koma kan tumbi ki wanke shi da ruwan zafi da lemon tsami ki kankare sosai, hanji a tatse a ɗauraye a kitsa shi, huhu da zuciya da ƙoda a yayyanka. Ki tafasa ki soya, amma ki sani wannan na ci ne cikin kwana biyu uku, ba na ajiya ba. Kai da ƙafa ki miƙa wa samarin gida su babbake.

Washegari, ranar da mutanen Kano suke shirin kallon hawan Daushe, ita ce ranar aiki. Kafin wuƙarki ta taɓa na gida a fitar da rabon mutane tukun, maƙwabta da dangi da wanda bai samu ya yi ba, a gidanmu cinya guda sukutum ake kai wa surukai. Abin da ya rage ki ware shi gida uku, tsoka daban, mai ƙashi daban, kitse daban. Yankan ya zama kamar girman ƙwai, in ya yi ƙato cikinsa ba zai soyu ba, in kuma kin yi shi mitsi-mitsi zai ƙanƙance ya zama tsakuwa.

Wajen tafasa ruwa kaɗan ake sawa don naman ma zai kawo nasa. Gishiri ya ji, sai citta, kanumfari, masoro da tafarnuwa. Iya ba ta yarda a sa albasa a naman ajiya, ta ce ita ke jawo masa saurin lalacewa, Umma tana sawa a ɓoye tare da magi da kori, sun sha yin faɗa a kan haka. Ni dai na bi Iya a na ajiya, na bi Umma a wanda za a ci a satin. In ya yi laushi amma bai dagargaje ba ki tsame a kwando ki baza ya sha iska har ya daina naso, romon kuma ki yi miyar tuwon dare da shi.

To a suyar ne ake gane wacce ta iya. Ki fara narka kitsen a babbar tukunya har ya zama mai, ki tace, in bai isa ba ki ƙara man gyaɗa, so ake mai ya rufe naman ruf. Wuta matsakaiciya, in kin cika mata itace waje zai ƙone ciki na ɗanye, kuma kar ki cika tukunya dam don kina so ki gama da wuri, kaɗan-kaɗan ake zubawa. Ki saurari man da kunnenki. Duk wannan kumfa da ƙarar da yake yi ruwa ne yake fita daga cikin naman, muddin yana wannan ƙarar to da saura, sai kin ji ƙarar ta kwanta kumfa ta baje mai ya yi garau kina hango ƙasan tukunya, sannan ki ciro guda ɗaya ki ɓara ki duba, cikinsa ya zama a bushe kalarsa ɗaya da waje, ja mai duhu ba baƙi ba. Abin yana cin lokaci gaskiya, Iya tun hantsi take zama a kan 'yar kujerarta sai la'asar, mu kuma muna zagaye da ita kamar maguna muna jiran ta miƙo ɗan guntu.

Kin kwashe? To kar ki rufe shi da zafinsa, gumin da zai yi a murfi ya ɗiga shi ne zai kawo fumfuna. Ki baza a faranti ya huce sarai, ko ya kwana ma, sannan ki zuba a busasshiyar kwalla ko samira. Leda ba ta yi. Bayan kwana uku ki sake mayar da shi cikin mai ya ɗan ƙara soyuwa, daga baya kuma duk sati ki riƙa dubawa, wanda kika ga ya yi laushi ki cire a cinye shi ranar. Sannan doka, ba mai sa jiƙaƙƙen hannu, da busasshen cokali ake ɗiba. Ita Iya ƙarƙashin gado take tura kwallarta kuma ta san adadin abinta, ka ɗauki ɗaya sai ta gane.

Kakiɗen da ya daskare a ƙasan tukunya kar ki zubar, cokali ɗaya a miyar kuka ko a shinkafa da wake ya isa gida ya ɗauki ƙamshi. Tsokar cinya in kina da ƙarfin daka ki ware ta dambu, a tafasa ta yi lugub a daka a turmi a soya da yaji har ta yi wara-wara, shi ma doka ɗaya ce, ya bushe.

Sai jela. Ita ba a soya ta da sauran, a shafe ta da gishiri a rataye saman murhu hayaƙi ya riƙa dukanta har ta bandu, in gas kike amfani da shi ki roƙi maƙwabciya mai murhun itace ta rataye miki. Ranar Cika-ciki ki sauke ki jiƙa ta a ruwan ɗumi ki wanke hayaƙin, ki jefa a miya tun farkon ɗora tukunya don tana da taurin kai.