Yadda Ake Kare Ma'aikatan Titi Daga Motoci Masu Wucewa

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Robobin nan masu tsini da ake jerawa a kan kwalta ba sa tare ta. Hanya kawai suke nuna wa direba. Abin da ke tsare ran ma'aikaci shi ne tazara, da lokacin da aka ba direba ya gani, ya taka birki.

A fara da allunan gargaɗi, kafin a sauke ko da shebur ɗaya. A titin bayan gari, allo uku ake kafawa, mita 150 tsakanin kowanne. Idan akwai kwana ko tudu, a matsar da na farko inda direba zai hango shi tun bai shiga kwanar ba.

Sai jeren robobin da ke karkatar da motoci daga hannun da aka rufe, kuma nan aka fi yin ganganci. Ga lissafin ƙa'idar Amurka: inda gudu ya kai kilomita 70 ko fiye, a ninka faɗin hannun da gudun, a raba da 1.6. Hannu mai faɗin mita 3.6 a titin kilomita 100 yana buƙatar jere mai tsawon mita 225, roba ɗaya duk mita 20, kowace tsayinta santimita 70. In aka gajarta shi, direbobi kan karkata a firgice, na baya ya daki na gaba.

A titin kilomita 100, bayan jeren a bar fili na kusan mita 185 babu kowa, babu komai. Kada a ajiye tifa a ciki, kada a zauna cin abinci. Nan ne direban da ya yi gyangyaɗi zai samu ya tsaya. Aikin da zai ɗauki makonni kuwa, katangar kankare ta fi dacewa da shi.

Mai tuta, wato mai tsayar da motoci ko ba su hannu, ya tsaya a gefen titi shi kaɗai, fuskarsa ga motoci, da wurin tsira a bayansa. Kowa ya sa riga mai ƙyalli, a sauya wadda kwalta ta dusashe.

Motocin aikin ma suna kisa. Direban tifa ko gireda ba ya ganin wanda ke dab da bayansa, don haka kada ya yi ribas sai da mai ba shi hannu. Da zarar ya daina ganinsa a madubi, ya tsaya cak.

In an tashi, a kwashe kaya daga ƙarshe ana komawa baya, allon farko shi ne na ƙarshen cirewa. Allon da aka bari babu aiki yana koya wa direbobi raina gargaɗi, sai a rufe shi ko a ɗauke.