Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Kwatanta Harajin Kuɗin Shiga Kafin Ƙaura

Mutumin da ke shirin barin wata jiha ko wani yanki zuwa wani, sau da yawa yakan buɗe intanet ya nemi jadawalin haraji, ya ga lamba babba a nan da ƙarama a can, sai ya yanke hukunci nan take. Wannan gaggawar tana ba ni takaici, domin ƙaura abu ne da ke cin kuɗi, ya tumɓuke iyali daga inda suka saba, kuma bai kamata a gina ta a kan lambar da wataƙila ba ta shafi mai ƙaurar ba ko kaɗan.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar kaso mafi girma a matsayin abin da kowa yake biya. A yawancin wurare haraji hawa-hawa yake, kowane mataki na kuɗin shiga da nasa kason. Ana yawan ambaton kashi 13.3 cikin ɗari na jihar Kalifoniya a Amurka, alhali kuwa wannan kaso yana hawa ne kan abin da ya haura dala miliyan ɗaya a shekara, kuma malamin makaranta ko ma'aikacin jinya ba zai taɓa jin ƙamshinsa ba. A ɗauki misalin mai samun 100,000 a shekara. A yanki na farko an yafe masa 20,000 na farko, ana cire kashi 10 daga 60,000 da ke biye, sannan kashi 30 daga 20,000 na ƙarshe, jimilla 12,000 ke nan. A yanki na biyu ana cire kashi 15 daga komai ba tare da rangwame ba, wato 15,000. Yankin da ake tsoro saboda kashi 30 shi ne ya fi sauƙi ga wannan mutumin da 3,000. Gyaran shi ne mutum ya ɗauko takardar albashinsa ta shekara, ya bi matakan kowane yanki ɗaya bayan ɗaya da ainihin lambobinsa, sannan ya raba jimillar harajin da jimillar kuɗin shigar.

A irin wannan lissafin, inda mataki ya fara yakan fi girman kason muhimmanci. A shekarar haraji ta 2024 zuwa 2025, kaso mafi girma a Sikotland kashi 48 ne, a Ingila kuma 45, tazarar da ba ta da yawa a ido. Amma a Sikotland kashi 42 yana farawa daga fam 43,663, yayin da a Ingila kashi 40 ba ya farawa sai an kai fam 50,271, don haka mai albashin fam 50,000 yana biyan kashi 42 a kan wani yanki na albashinsa da takwaransa na Ingila ke biyan kashi 20 kacal. Mai ƙaramin albashi kuwa yana ɗan samun sauƙi a Sikotland, saboda akwai matakin farko na kashi 19.

Wasu kuma suna mantawa da cewa hannun da ke karɓar haraji ba ɗaya ba ne. Mazaunin birnin Niyu Yok yana biyan gwamnatin tarayya, yana biyan jiha, kuma birnin kansa yana cire nasa kason da ya haura kashi 3. A Suwizalan akwai na tarayya da na kanton (wato jiha a can) da na ƙaramar hukuma, har ta kai ƙauyuka biyu maƙwabta suna iya bambanta ƙwarai. Saboda haka a yi kwatancen tsakanin adireshi da adireshi, kada a tsaya a sunan jiha.

Jumlar da ta fi yaudarar mutane ita ce "babu harajin kuɗin shiga". Gaskiya ne cewa jihohin Amurka irin su Teksas da Filorida da Tenesi da Nebada ba sa cire komai daga albashi, sai dai makarantu da hanyoyi da asibitoci ba sa gina kansu, dole gwamnati ta samo kuɗin ta wata ƙofa. Teksas ta yi suna wajen tsadar harajin gidaje, Tenesi kuma tana karɓar kashi 7 a kan yawancin kayan da aka saya, ban da abin da ƙananan hukumomi ke ƙarawa. Oregon ta bi ta ɗaya gefen, ba ta da harajin sayayya na bai-ɗaya amma harajinta na kuɗin shiga yana kaiwa kashi 9.9. Magidanci mai matsakaicin albashi da zai sayi babban gida yana iya yin gudun gara ya faɗa wa zago, idan bai haɗa harajin gida da na sayayya da kuɗin haya ko inshora cikin lissafinsa ba.

Haka nan ba kowane kuɗi ake yi wa hukunci iri ɗaya ba. Ilinoyi tana karɓar kashi 4.95 daga albashi amma ba ta taɓa kuɗin fansho, jihar Washinton kuma ba ta taɓa albashi amma tun 2022 tana karɓar haraji daga manyan ribar sayar da hannun jari. Mai shirin ritaya da ɗan kasuwa da ma'aikaci kowannensu amsarsa daban, ko da sun nufi gari ɗaya.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne cewa tattara kaya a mota ba ya nufin tsohon wurin ya sake ka. Jihar Niyu Yok tana ɗaukar mutum a matsayin mazauni idan yana da gidan zama a cikinta kuma ya yi fiye da kwana 183 a shekara, kuma ko 'yan awoyi ya yi a rana, galibi ana ƙirga ta rana guda. Masu binciken haraji sukan duba lasisin tuƙi, da rajistar zaɓe, da makarantar da yara suke, da likitan da ake zuwa wurinsa, har da bayanan katin banki da ke nuna inda aka sayi man mota ranar kaza. Wanda ke aiki daga gida wa kamfanin da ke Niyu Yok ma yana iya ci gaba da biyan jihar, muddin don jin daɗin kansa ya zauna nesa ba don kamfanin ya buƙaci hakan ba. Ɗan ƙasar Amurka kuwa, ko ina ya koma a duniya, wajibi ne ya ci gaba da kai rahoton kuɗin shigarsa gida.

Ranar ƙaura ita ma tana da nauyi. A Kanada, lardin da mutum yake zaune a ranar 31 ga Disamba shi ne galibi ke karɓar harajin albashin shekarar gaba ɗaya, haka ma tsakanin kanton-kanton na Suwizalan, ta yadda jinkirin mako biyu zai iya sauya lissafin wata goma sha biyu. Kafin a sa hannu a takardar haya ko ta sayen gida, a nemi akanta da ya san dokar wuraren biyu, a ba shi ranar da aka tsayar da takardun albashin bara, a kuma adana rasidin masu kwashe kaya da takardar mayar da mabuɗin tsohon gida, domin su ne hujjar da za a nema idan bincike ya taso.